Launukan hotunan James Webb ba ƙarya ba ne, amma a riƙa faɗa mana yadda aka sa su

Tun ranar 11 ga Yulin 2022, da Shugaba Joe Biden ya nuna wa duniya hoto mai launi na farko daga na'urar hangen nesa ta James Webb, ake ta jayayya a kan abu guda: haka sararin samaniya yake da gaske, ko kwalliyar kwamfuta ce? Masu shakka suna da abin kamawa, domin launukan nan na ja da shuɗi da ruwan zinare mutane ne suka sanya su. Amma a ganina wannan bai mayar da hoton na bogi ba.

Na'urar tana can nesa da duniya da kimanin kilomita miliyan 1.5, da madubinta mai faɗin mita 6.5, kuma galibin hasken da take kamawa idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Shi ne infirared, dangin hasken da rimot ɗin talabijin ke aikawa idan ka danna shi. Wannan haske yana ratsa ƙurar da ke rufe wuraren da taurari ke samuwa, shi ya sa aka zaɓe shi. Abin da ke isowa ƙasa lambobi ne, waɗanda ake mayarwa hotuna marasa launi, kowanne an ɗauke shi ta matata daban. Daga nan ƙwararru ke bin ƙa'ida: hasken da zangonsa ya fi tsawo a ba shi ja, mafi gajarta a ba shi shuɗi, na tsakiya su samu kore da rawaya. Aikin tafinta ke nan, wanda ke juya maka harshen da ba ka ji zuwa wanda kake ji. Ai ba mu taɓa cewa hoton ƙashi na asibiti ƙarya ne don ido ba ya hango ƙashi ta cikin tsoka ba.

Ko na'urar Hubble ma haka aka yi mata. A shahararren hotonta na 1995 na ginshiƙan ƙura da ke da nisan tafiyar haske ta kusan shekara 6,500, sinadaran haidurojin da salfa duk ja suke fitarwa. Sai aka ba haidurojin kore domin a iya rarrabe su. Da ba a yi haka ba, da bayanin ya ɓace cikin ja guda.

Inda nake ganin laifi shi ne wajen yaɗawa. Hukumar NASA kan wallafa bayanin matatar da aka yi amfani da ita da launin da aka ba kowacce, amma kafafen labarai da masu turawa a Facebook sai su ɗauki hoton su bar bayanin. Mai kallo kuma ya saba da karɓar duk abin da ya yi kyau. A ƙarshen Yulin 2022 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Étienne Klein, ya sa hoton yankan tsiran alade a Twitter, ya ce tauraruwar Proxima Centauri ce James Webb ta ɗauko. Wasa yake yi, amma mutane da yawa suka gaskata, har sai da ya fito ya ba da haƙuri.

Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya zana taurarin da babu su cikin daƙiƙa kaɗan, duk editan da zai sa irin wannan hoto ya kamata ya rubuta a ƙasansa sunan na'urar da ta ɗauka, da irin hasken da ta kama, da kuma cewa launin sanya shi aka yi. Layi biyu sun isa.