Waiwaye: Lambun Mugran da 'yan ƙwadagon da ba a biya

A birnin Khartum, daidai inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, akwai unguwar Mugran, kuma a nan lambun tsirrai na ƙasar Sudan yake. An kafa shi a 1954, shekara biyu kafin a sami 'yancin kai. Ba wani makeken wuri ba ne, amma kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 a nan ake baje kolin furanni duk shekara. Masu rainon shuka su jera tukwanensu, iyalai su taso daga Umdurman da Bahri da yamma, a sha shayi, a yi ciniki, kowa ya koma gida rungume da ɗan dashensa.

Baƙon da ya zo daga Kano ko Maraɗi, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne lokacin aiki. Mu a wajenmu damina ce uwar shuka. Khartum kuwa ruwan da take samu a shekara bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda Kano ke samu ba, kuma kusan duka tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Don haka babban aikin lambu sai sanyi ya shigo. Daga ƙarshen Oktoba ake yayyafa iri, a dasa tumatir da albasa da furannin da ba sa jure rana, su yi ta bunƙasa har Fabrairu. Da an shiga Afrilu kuma sai tsaron rai. A Mayu da Yuni zafi yana haura digiri 40, ga guguwar habub mai turnuƙe gari da jar ƙura. A wannan tsakani mai hankali ba ya dashe, ba ya sassabe reshe, ba ya zuba takin zamani. Ban ruwa da asuba ko bayan magariba, a rufe gindin shuka da busasshen ganye, in ƙura ta lafa a wanke ganyen ya sami numfashi. Dashen itace kuma sai damina ta kankama, iska ta yi laima.

Ƙasar ma da halinta. Baƙar laka ce mai tsagewa in ta bushe, ta riƙe ruwa in ta jiƙa har saiwa ta ruɓe, shi ya sa masu raino ke gauraya lakar da kogi ya kawo da yashi kafin su cika leda. Manoman tsibirin Tuti da na gaɓar Umdurman kuwa kogin suke bi: ya cika a Agusta da Satumba, ya ja baya, su bi sawunsa da iri a ƙasar da ya sabunta musu. Hausawan da suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu, tun daga zamanin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ba su sha wuyar gane wannan tsari ba, don aikin fadama ne da suka sani tun daga gida.

Sai maganar 'yan ƙwadagon da ba a sa su a takardar albashi. A 1985 aka ga wata 'yar ƙaramar ƙudan zuma a Khartum wadda ba a taɓa ganin irinta a Afirka ba. Masana na kiranta Apis florea, asalinta Asiya, kuma ana kyautata zaton cikin kaya ta shigo. Ba ta shiga amya, ba ta shiga kogon itace. Saƙa ɗaya tak take yi, kamar faifai, ta rataya ta a siririn reshe cikin duhuwar shinge ko itacen lemo, 'yan'uwanta su lulluɓe saƙar da jikinsu. Zumarta kaɗan ce. Amma ta sami lambunan bakin kogi sun yi mata daidai, ta bazu tana bin Nilu. Yaro ya gan ta ya ɗauko dutse, mai gida ya ɗauko maganin feshi, alhali ita ce ke yawo tsakanin furen lemo da na albasar iri.

Wanda ya taɓa shuka kabewa ko gurji ko kankana ya san furensu iri biyu ne a yaɗo ɗaya, namiji da mace. Macen tana da ɗan ƙulli a gindinta. Da safe take buɗewa, kafin rana ta take ta rufe, kuma in ƙwaro bai kai mata garin namijin ba a wannan ɗan lokaci, ƙullin zai yi ɗorawa ya faɗi. Sai mai lambu ya ce iri ne mara kyau, ko a ce baki ne, nan kuwa feshin da ya yi da hantsi ne ya kashe masu barbarar. In feshin ya zama dole, a bari sai rana ta faɗi, kuma a kauce wa shukar da ke cikin fure. A bar kunya ɗaya ta lansir ko albasa ta yi fure, a ajiye kasko da ruwa da 'yan duwatsu a ciki don ƙudan su sha ba su nitse ba. Dabino ne kawai ke neman hannun mutum, a hau a ɗaura masa zangarniyar namiji wajen ƙarshen sanyi.

Ni a ganina nan ne wuraren shaƙatawa na garuruwanmu suke kuskure. A shimfiɗa ciyawar da sai an yi mata dakon ruwa a tanka, a kawo furen da ba ƙwaron da ke sauka a kansa, a bar magarya da bagaruwa da aduwa wai itacen daji ne. Sudan ma ta ɗanɗana kuɗar baƙon itace: muskit da aka shigo da shi a 1917 don tare hamada ya mamaye gonaki da magudanan ruwa, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a tumɓuke shi. Darbejiya dai, ita ma baƙuwa ce, amma ta yi rana, can da nan.

Kudu kaɗan da Mugran, a bakin Farin Nilu, dajin Sunut yake, kafin yaƙi dajin bagaruwa ne a tsakiyar birni. Ba mai ba shi ruwa. Kogi ke shiga ƙarƙashinsa duk shekara ya kwana watanni, tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai su yada zango, furensa mai ruwan ɗorawa ya ciyar da ƙudan zuma. Da yaƙi ya katse wuta da famfo, wannan daji bai ji ƙishirwa ba, gatari ne ya ci shi, don mutanen da suka rasa iskar gas sun koma itace da gawayi. Ba na ganin laifin uwar da ta dafa wa 'ya'yanta abinci da shi.

Tun da sojojin Sudan suka ƙwace tsakiyar Khartum a Maris 2025 mutane ke komawa. Wanda zai mai da bagaruwar ya san ƙwayarta na da taurin ɓawo, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana. Ana shuka ta ne lokacin da kogi ke janyewa, laka na da danshi, sannan a tsare ta daga awaki har ta fi ƙarfin bakinsu.