Alƙawarin Manyan Ƙasashe Ga Tsiraru: Daga Yahudawan Turai Zuwa Musulmin Rohingya



'Yan uwa, tun da ƙasar Gambiya ta kai Myanmar ƙara Kotun Duniya da ke Hague a 2019 kan kisan Musulmin Rohingya, ake tambayarmu ko dokokin duniya na kare tsiraru da gaske. Mun ga ya dace mu leƙa aikin Farfesa Carole Fink, tsohuwar malamar tarihi a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, wadda ta shafe shekaru tana bin diddigin diflomasiyyar Turai. Littafinta na 2004 ya bi yadda manyan ƙasashe suka riƙe maganar haƙƙin Yahudawa tsiraru daga 1878 zuwa 1938.

Wani zai ce me ya kai mu tarihin Yahudawa alhali Gaza na cikin halin da take ciki. Addininmu ya haramta zalunci a kan kowa, kuma ƙin jinin wasu mutane ba ya halatta mana kau da kai daga gaskiya.

A taron Berlin na 1878 an gindaya wa Romaniya sharaɗin daidaita 'yan ƙasa ba tare da duba addini ba. Ta amsa, sannan ta ci gaba da ɗaukar mafi yawan Yahudawanta a matsayin baƙi, ba wanda ya tilasta ta. A 1919 aka sa Poland da wasu ƙasashen gabashin Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar kare tsiraru, ƙarƙashin kulawar Ƙungiyar Ƙasashe ta wancan zamani. Ingila da Faransa da Amurka kuwa ba su ɗaure kansu da ita ba. Nan, a ganinmu, ɓarakar take, domin wanda aka ɗora wa doka yana kallon mai ɗorawar ya tsame kansa. A 1934 Poland ta ce ta daina ba da haɗin kai. Bayan 'yan shekaru aka hallaka Yahudawa kusan miliyan 6.

Mu ma mun ɗanɗana. A Srebrenica, Yulin 1995, an kashe Musulmi maza kusan 8,000 a garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira tudun mun tsira.

A Janairun 2020 kotun ta umarci Myanmar ta kare 'yan Rohingya, amma kotu ba ta da soja. Zartarwa na hannun Kwamitin Sulhu, inda Sin da Rasha ke da ikon hawa kujerar na-ƙi. Sama da mutum 700,000 da suka tsere Bangladesh a 2017, mafi yawansu har yau suna sansanonin Cox's Bazar.