Waiwaye: Dokar da Tsakuwa Ta Karya

Yau ɗan sakandare yana haddace "dokokin Newton" ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa ba: wa ya kafa wa dutse doka? Doka dai mai hankali ake kafa wa, wanda zai ji ya bi ko ya ƙi. Dutse ba ya da kunne. Robert Boyle na Ingila ya yi wannan ƙorafi a wani littafinsa na 1686, inda ya nuna cewa aron kalma kawai ake yi, domin abin da ba ya fahimta ba zai yi biyayya ba. Duk da haka kalmar ta zauna daram, kuma wanda ya fi kowa kafa ta shi ne René Descartes, Bafaranshen da ya yi yawancin aikinsa a ƙasar Holand.

A 1644 ya fitar da littafinsa kan tushen falsafa, ya jera dokoki uku na halitta: abu yana ci gaba da halin da yake ciki sai wani ya sauya shi, mai motsi yana neman miƙaƙƙen layi, sannan ta uku a kan abin da ke faruwa idan abu biyu suka yi karo. Hujjarsa ta tauhidi ce. Allah ba Ya canzawa, saboda haka yadda Yake riƙe da motsin duniya ma ba ya canzawa. Duk wanda ya zauna gaban malamin tauhidi a zaure zai ji maganar ta yi masa kusa, don Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya tattauna wuta da auduga, yana cewa ƙunar da muke gani al'ada ce da Allah Yake gudanarwa. Tambaya ɗaya suke zagayawa, ko da amsoshinsu sun bambanta.

Inda nake so mu daɗe shi ne doka ta uku. Daga cikinta Descartes ya fitar da ƙa'idoji bakwai na karo, yana zaune yana lissafi. Ta huɗu ta ce ƙaramin abu ba zai taɓa motsa babban da ke tsaye ba, komai gudunsa. Sai dai ya yi tsalle ya koma baya. To, ɗauki tsakuwa ka jefi ƙwaryar da ke ajiye a tsakar gida. Ƙwaryar ta fi tsakuwar girma, amma za ka ga ta gusa, ta yi rawa a kan gindinta. Descartes ya san ido yana ƙaryata shi, sai ya ce laifin duniya ne: abubuwan cikinta ba su da cikakken tauri, kuma iska ko ruwa na kewaye da su. A nan nake rabuwa da shi, duk da girman da nake ba shi. Yarda cewa Mahalicci Ya tsara duniya abu ne daban, sanin yadda Ya tsara ta kuma sai an fita an auna.

Johannes Kepler, Bajamushe, ya riga shi shan wannan ɗaci. Ya shafe shekaru yana fama da hanyar duniyar Mars, yana amfani da ma'aunin da masanin taurari Tycho Brahe ya tara. Ya gina lissafi a kan cikakkiyar da'ira, wadda masana suka yi kusan shekara dubu biyu suna ganin ita kaɗai ta dace da sama. Lissafin ya saɓa da ma'auni da minti takwas kacal na kusurwa, wato kusan rubu'in faɗin wata idan ka ɗaga kai ka kalle shi. Da ya ga dama da ya ɗora wa Tycho kuskuren ya huta. Ya ƙi, domin ya san mutumin ba ya kuskure mai yawan haka. Ya zubar da aikinsa ya sake daga farko, har a 1609 ya bayyana cewa hanyar kamar zobe ce da aka ɗan matse. Shi ma mai imani ne ƙwarai, amma imanin nasa ya sa shi ƙara zura ido.

Gyaran Descartes ya fito daga gidan abokinsa. Christiaan Huygens, ɗan wani aminin Descartes, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya gano yawancin ƙa'idojin nan ba daidai ba ne. Ya kawo misalin mutum biyu, ɗaya a cikin kwalekwale mai tafiya, ɗaya a bakin ruwa, suna kallon karon ƙwallaye guda. Ƙwallon da na gaɓa yake gani a tsaye, na cikin jirgi yana ganinsa yana tafiya, kuma dole doka ta gaskiya ta yi wa su biyun daidai. Ta Descartes ta kasa.

A 1668 ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ta nemi a warware batun karo, sai John Wallis da Christopher Wren da Huygens kowa ya aiko da nasa. Da Newton ya buga babban littafinsa a 1687, ya ambaci sunayen su ukun, ya kuma ba da labarin yadda ya rataye ƙwallaye da igiya, na ƙarfe da na gilashi da na ulu da aka ɗaure tamau, yana sakinsu suna karo yana auna nisan da kowanne ya koma.