Matuƙin Jirgin Sama da Nauyin Cewa "A'a"

A makon jiya abubuwa biyu suka same ni a rana ɗaya, kuma su ne suka zaɓa mini abin da zan rubuta yau. Da safe ina zaune a ɗakin jiran fasinjoji na filin jirgin saman Malam Aminu Kano, hazo ya rufe gari har da ƙyar ake hango jelar jirgin da ke tsaye a gabanmu, sai aka yi sanarwar ɗage tashi. Wani bawan Allah mai babbar riga ya miƙe ya yi kan ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa, yana faɗa yana ƙarawa: yana da taro a Abuja, direbobin yanzu matsorata ne, a da ko cikin duhu tashi ake yi. Da yamma kuma, bayan na koma gida ban yi tafiyar ba, na tarar da wasiƙar wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare daga Funtuwa. Tambayarta gajera ce: tana son zama matuƙiyar jirgin sama, ta ina za ta fara, kuma yaya aikin yake?

Masu bibiyar wannan fili sun san cewa kafin in riƙi alƙalami na yi shekaru a kujerar tuƙin jirgi. Saboda haka amsa ɗaya zan ba su su biyun, ko da yake mai babbar rigar bai tambaye ni ba.

'Yata, hanyar ba ta da nisa da gidanku. Tun a shekarar 1925 jiragen sama suka fara sauka a ƙasar nan, wasu jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. A can Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta samu lasisin tuƙin jirgin kasuwanci, ta yi karatu, daga baya ta dawo ta shugabanci makarantar. Don haka zamanki mace ba shinge ba ne. Abin da za a fara nema a wurinki shi ne sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da kimiyyar fiziks, sannan likita ya duba zuciyarki da kunnenki da idonki, har da iya bambanta launuka. Turancin ba don ado ba ne, da shi matuƙa da ma'aikatan hasumiya suke magana a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa.

Kafin ki taɓa jirgi za ki yi watanni a aji: ilimin yanayi, karatun taswira da sanin hanya, dokokin sararin samaniya, yadda inji yake aiki, da yadda iska take ɗaga fiffike. Daga nan sai ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, malami na zaune a damanki. Za ki tashi, ki zagaya fili, ki sauka, ki sake tashi, har ki daina lissafin sau nawa. Wata rana, ba tare da an sanar da ke ba, malamin zai buɗe ƙofa ya sauka, ya ce ki je ki zagayo ke kaɗai. Har yau ina tuna tawa ranar. Jirgin ya bar ƙasa da wuri fiye da yadda na saba, don nauyin malam ba ya ciki. Na hango dutsen Kufena da rufin gidajen Samaru, na waiwaya dama na ga kujera wayam, sai a sannan na gane cewa duk faɗin duniya babu mai saukar da wannan jirgi sai ni, da yardar Allah.

Darasin da ya fi wannan wuya yana gaba. Za a sanya miki wani abin rufe fuska da zai hana ki ganin waje, a ce ki tuƙa da agogunan da ke gabanki kaɗai. Dalili shi ne, idan mutum ya shiga gajimare ko hazo ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, sashen kunne na ciki da ke kula da daidaiton jiki yakan yaudare shi. Jikinki zai rantse miki cewa jirgi a miƙe yake, alhali ya karkata yana gangarawa. A nan ɗalibi yake koyon ƙaryata abin da yake ji a jikinsa, ya gaskata abin da aka auna. Duk sauran aikin a kan wannan aka gina shi.

Ga lissafin awoyi. Bisa ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, lasisin farko yana buƙatar awa 40 a sama, na kasuwanci awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, shi kuwa babban lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin na jirgin fasinja awa 1,500. Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan ne mafarkin matasa da yawa yake maƙalewa. Kuɗin makaranta miliyoyin naira ne. Bayan an gama, kowane irin babban jirgi yana da nasa horon na musamman, wanda galibi a ƙasar waje ake yi da kuɗin waje. Kamfani yana neman mai ƙwarewa, ƙwarewa kuma ba ta samuwa sai a kamfani. Gwamnatin Jihar Kano ta taɓa tura matasa 100 ƙasar Jodan su koyi tuƙi, suka dawo da lasisi, amma da dama daga cikinsu sun yi shekaru suna jiran kujera. Duk gwamnatin da za ta sake irin wannan alheri, ta sanya kuɗin horon na biyu cikin lissafi tun farko, don hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Idan Allah ya sa an samu aikin, abin da jama'a suke gani shi ne farar riga da zaren zinare a kafaɗa. Abin da ba sa gani ya fi yawa. Matuƙi yana isa fili tun kafin fasinja ya bar gida. Zai karanta rahoton yanayi na inda za shi da na filin da zai karkata idan sauka ta gagara. Zai lissafa mai: na tafiya, na zuwa wancan fili na biyu, da na ajiya wanda zai riƙe jirgi minti 30 a sama bayan duk wannan. Ɗaya daga cikin matuƙan biyu zai zagaya jirgin da ƙafa, ko da fitila ne cikin dare, yana duba tayoyi da fikafikai da bakin inji. Sannan su zauna, ɗaya yana karanto jerin abubuwan dubawa, ɗaya yana amsawa, ko da sun yi haka sau dubu. Wannan takarda tana da tarihi. A 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a Amurka jim kaɗan da tashi, ƙwararren matuƙi ne a kansa, amma an manta ba a cire makullin da ke daure sassan sarrafa jirgin ba. Daga nan aka fahimci cewa ƙwaƙwalwar gwani ma tana mantuwa.

Akwai masu cewa ai jirgi shi yake tuƙa kansa. Gaskiya ne na'ura tana riƙe shi a mafi yawan tafiya, amma abin da aka umarce ta take yi, ko daidai ko kuskure, kuma zama awa biyar kana sa ido a kan abin da bai ɓaci ba aiki ne mai cin rai. Ga gwajin likita duk shekara, wanda sakamako ɗaya zai iya kawo ƙarshen sana'ar mutum. Ga jarrabawa kusan duk wata shida a na'urar kwaikwayon tuƙi, inda za a kashe maka inji ana tsakiyar tashi a ga yadda za ka yi. Ga sallar idi a ɗakin otal, ga suna da biki da jana'iza da suke wucewa kana wata ƙasa. A lokacin jigilar alhazai dare yakan zama rana tsakanin Kano da Jidda. Idan mutum ya kai shekara 65, doka ta sauke shi daga jirgin fasinja na ƙasa da ƙasa, komai ƙarfinsa.

Duk wannan ana iya koya wa kowa. Abin da ya fi ba ɗan Bahaushe wuya, a ganina, shi ne ya dubi babba ya ce masa a'a.

Ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Kyaftin ɗin da ya fara gudun tashi ba tare da cikakken izinin hasumiya ba shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsa, shi ne ma ya jarraba mataimakin da ke zaune kusa da shi. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya ƙara magana. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa ne aka shigo da sabon horo a duniya, wanda ya mayar da maganar ƙarami wajibi, sauraron babba kuma wajibi.

Mu kuwa mun tashi a gidajen da yaro ba ya haɗa ido da babba, ana kuma gaya mana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan mu rabu da ita. Sai dai na ga ranar da ta kusa halaka ni.

Ina sabon mataimaki, wata safiya ta hunturu, muka nufo Kano da wani kyaftin sa'an mahaifina, mutumin da ko a waje sai na rusuna nake gaishe shi. Shi ne yake tuƙi, ni ina sa ido a kan agogo. A irin saukar da muke yi akwai iyaka: idan an gangaro zuwa ƙafa 200 daga ƙasa ba a ga titi ko fitilunsa ba, dole a ƙara wuta a koma sama. Muka kai iyakar, na sanar kamar yadda ƙa'ida ta ce. Gabanmu fari fat. Ya ce, "Na san filin nan, yanzu zai bayyana." Jirgi ya ci gaba da gangarawa. Na ji harshena ya yi nauyi, kunya ta riƙe mini maƙogwaro, kamar zan katse mahaifina a gaban baƙi. Daga baya na ɗaga murya na ce, "Kyaftin, ba mu ga titi ba, mu tashi." Nan take ya tura wuta, muka koma sama, muka karkata zuwa Abuja.

Bai ce da ni komai ba har fasinjoji suka gama fita suna guna-guni. Na zaci kashina ya bushe. Sai ya cire na'urar sauraro daga kunnensa ya ce, "Ɗana, me ya tsayar da kai? Na ji ka yi jinkiri. An ajiye ka a kujerar nan ne saboda ranar da zan yi kuskure. Gobe kada ka jira." Shekaru bayan haka, da na koma kujerar hagu, ban taɓa tashi da sabon mataimaki ba sai na gaya masa irin wannan magana tun muna ƙasa.

Ba mu manta da ranar 29 ga Oktoba, 2006 ba, lokacin da jirgin da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da barin ƙasa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Rahoton bincike ya sanya shawarar tashi cikin mummunan yanayi, da iska mai sauya ƙarfi da alƙibla farat ɗaya, cikin musabbaban haɗarin. Mun yi imani da ƙaddara, kuma imanin bai ɗauke wa kowa nauyin yin abin da ya sani daidai ne ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe mai babbar riga, matuƙin da ya ƙi tashi da mu ran nan ba tsoro ya ji ba. Shi ma yana son ya gama aiki ya koma ga iyalinsa, kuma ya san kowace awa ta jinkiri asara ce ga kamfaninsa. Ya auna nisan da ido ke iya gani, ya tarar bai kai abin da doka ta yarda ba, ya tsaya. Haƙƙinka ne a sanar da kai gaskiya a kan lokaci, a kula da kai yayin jira, wannan kam ka nema da babbar murya. Amma kada ka yi fatan haɗuwa da matuƙin da faɗan manya yake sa shi tashi.

Ke kuma 'yata, riƙe lissafi da fiziks da Turanci da kyau, ki fara binciken tallafin karatu tun yanzu, ki sanar da iyayenki gaskiyar kuɗin da shekarun jira. Sannan ki fara gwada wani abu tun a aji: ranar da malami ya yi kuskure a allo kika gani, ɗaga hannu, ki faɗa cikin ladabi, da muryar da za a ji. Idan kin iya wannan, ki sake rubuto mini, sai mu yi maganar cike takardar Zariya.

Allah ya sauke matafiya lafiya. Mu haɗu mako mai zuwa.