Ba Kowace Roba Ce Roba Ba

Idan mutum ya je sayen tsohuwar mota a Birnin Ƙonni, abin da zai fara cewa shi ne a ɗaga masa murfin inji. Zai kasa kunne ya ji ƙara, ya zaro sandar awo ya murza baƙin mai a yatsa, ya zagaya baya ya dubi hayaƙi. Da wuya a ga wanda ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashin ƙafafun baya. Dillali ya riga ya faɗa masa abin da kowa ke faɗa a tasha da garaji: in dai inji lafiya, mota lafiya. Idan daga baya aka fara jin ƙwanƙwasa a bayan mota, akwai magana ta biyu da ke jira: roba ai roba ce, a yanko ta tsohuwar taya a cusa. Maganganun nan biyu kuskure ne, kuma fasinjojin da ba a yi shawara da su ba ne suke ɗaukar nauyin kuskuren.

Abin da ake rainawa ɗin bai kai dunƙulen hannu ba. Makanikan Nijar na kiransa silambulok, sunan da suka gada daga Faransanci. Da an tsallaka iyaka zuwa Illela ta Najeriya ko Sakkwato, sai ya koma bushin. Bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami a cikin babba, an dafa roba a tsakaninsu har ta kama kowanne. Yana zaune duk inda ƙarfen ƙafar mota ya haɗu da gangar jiki: a idon sifirin, a bakin sandunan da ke riƙe da taya, a sama da ƙasan shokoba. Aikinsa shi ne ya bar taya ta yi sama da ƙasa, ya hana ta gaba da baya ko hagu da dama. Inji tura mota kawai yake yi. Inda za ta dosa, musamman ta baya da babu sitiyari, waɗannan ƴan robobi ne suke yanke hukunci.

Tarihin Peugeot 504 ya isa shaida. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma a wannan shekarar ce Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar da samfurinta na tsere mai ƙofa biyu da inji V6. Akwai motocin da suka fi ta ƙarfin inji da gudu. Sunan da ta yi a Afirka ta same shi ne saboda ƙafafunta suna shanye gargada, tayoyinta kuma ba sa barin ƙasa. Dattawan direbobin da suka yi shekaru suna jigila da ita tsakanin Ƙonni, Tawa da Maraɗi sun san haka a jikinsu. Abin takaici ne a ga motar da ƙafafunta suka ɗaukaka ta yau an sake mata inji sau biyu, amma robobin bayanta sun tsattsage kamar dugadugin manomi da hunturu.

Roba tana tsufa ko da mota na ajiye. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a wannan yanki, yana busar da ita, rairayi na shiga tsagar yana cin ta, man da ke ɗiga daga shokoba kuma yana ruɓar da ita. Ga shi motocin da tsufansu suke zuwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari suka nufo Afirka. Mai sayen Mercedes 190, wadda aka fara ƙerawa a 1982, ya sayi sanduna biyar a kowace ƙafar baya, kusan kowace da roba a bakinta biyu, kuma ba mamaki wasu tun na masana'anta ne.

Sai a ɗora irin wannan mota a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi. Hanya ce ta manyan motocin siminti da na albasa. Direban Hiace, da mutum a kowace kujera da buhuna a sama, ya fito zai wuce tirela, ya hango wata tafe, ya taka birki ya karya sitiyari zai koma hannunsa. A wannan daƙiƙar nauyi duka yana komawa gefe guda. Idan robar idon sifirin ta mutu, ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya sai ya goce, bayan motar ya juya da kansa ba da izinin direba ba. Daga baya za a ce mota ta ƙwace, ko taya ta fashe. Ita ma tayar da ta fashe, sau da yawa ta yi watanni tana cinyewa ta gefe guda saboda ƙafar a karkace take tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Musulmi ya yarda da ƙaddara, amma an umarce shi ya ɗaure raƙuminsa kafin ya dogara.

Masu yanka roba ba abin zargi ba ne. Hannun da ke fitar da takalmi daga tsohuwar taya, da guga daga tub, hannu ne mai basira, kuma wanda motarsa ta lalace a hanyar marmara can bayan Badagishiri, robar yanka ce za ta kai shi gari. A nan amfaninta ya tsaya. Robar taya an haɗa ta ne don ta jure gogayya da kwalta, da zare da waya a cikinta. Silambulok na gaskiya murɗewa yake yi kamar tsumman da ake matsewa, ya koma yadda yake, domin robar ta manne da ƙarfe ciki da waje. Ta yanka ba ta manne da komai ba. Juyawa take yi a kan ƙusa, rairayi ya shiga tsakani, ramin ya faɗaɗa, ƙusar ta sirance, har ramin jikin ƙarfen ya koma kamar ƙwai. Wanda ya guje wa kuɗin roba sai ya ƙare wajen mai walda, kuma ƙafar da aka yi wa walda da ƙiyasin ido ba ta komawa daidai.

Za a ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, iyakar Najeriya ma sai a Maris 2024 aka buɗe ta. Kasuwa kuma cike take da jabu a cikin kwali mai kyau. Amma mai motar da ke cewa ba shi da jika kaɗan na roba, shi ne ke sayen taya kafin lokacinta, ya sake shokoba, ya ƙona mai wajen jan motar da ke tafiya a karkace. Kuɗin yana fita, ta wata ƙofa dai yake bi.

Makanikai ma suna da nasu laifin, ko da an kawo musu kaya mai kyau. Ana buga sabon silambulok da guduma har bututun ya lanƙwashe, alhali da doguwar ƙusa mai zare da guntun bututu da wasu faifan ƙarfe ana iya matsa shi a hankali. Ana shafa masa giris don ya shige, giris kuwa maƙiyin roba ne, ruwan sabulu ya wadatar. Ana ƙona tsohon da wuta dab da tankin mai. Ana sake gefe guda a bar ɗayan, sai mota ta riƙa ja. Mafi yawan ɓarnar kuwa a ɗaurin ƙarshe take: yaron garaji yana ɗaure ƙusa tamau tun mota na rataye a kan jak, da an sauke ta sai robar ta zauna a murɗe, ta yage cikin ƴan watanni, maigida ya ce kayan zamani ba su da ƙarko. Ƙa'ida ita ce a saka ƙusar sako-sako, a sauke mota kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ɗaure, a kuma duba daidaiton tayoyi.

Ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Ƙonni, Malbaza da Illela suna da ikon da jami'in kan hanya ba shi da shi, domin su ke ba da layi. Kamasho ya san motar da ke ƙwanƙwasa tun tana shigowa. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: a ɗaga bayan mota, a sa ƙarfen cire taya a jikin kowace sanda a banƙara, a haska da tocila. Inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ko roba ta fito tana marmashi, motar ta koma garaji, ta baya a layi ta ɗauki fasinja.