A FITO MANA DA TASWIRAR DAZUZZUKANMU

Jama'a, duk mai bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu yana ganin motoci shaƙare da itace da buhunan gawayi. Daga wane daji ake saro su? Ina iyakarsa?

Amsar tana cikin tsofaffin taswirori. Tun zamanin En'e aka shata gandun daji, aka kafa alamun iyaka, aka zana a takarda. A 1965 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Kwanaki na je wani ofis neman taswirar gandun dajin yankinmu, aka ce mini wai gara ta cinye. Fisabilillahi, garar nan ba ta cin fayil ɗin filaye, sai taswirar daji?

Wani abokina ya ce in rabu da zancen, ai zanen Nasara ne. Na yarda Bature bai zana don Allah ba. Layin dogon da ya kawo Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga ya shimfiɗa shi. Amma jirgin ƙasa bai taɓa shigowa Kabi ba, kuma katakon da Turawa suka yi ta lodawa zuwa Ingila daga su Sapele yake fita. Giginyar da muke azara da ita, da ƙiryar da maƙera ke gawayi da ita, mu muka sare abinmu. Wallahi wannan laifin ba na Bature ba ne.

In babu taswira, mai ƙarfi ke faɗin inda iyaka take. Yau a yanka gandu a ba wani babba, gobe a nome burtali, jibi manomi da makiyayi su zubar da jini, alƙali kuma ba shi da takardar dubawa.

Roƙona ga gwamnatin Kebbi: a tura ma'aikata gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Sakkwato inda muka fito a 1991, a kwafo abin da ya rage. A liƙa a Gidan Tarihin Kanta, a ba kowane hakimi, a sa a intanet kowa ya gani.

Wanda bai ci dajin jama'a ba, me zai tsorata?

Allah Ya sa mu gyara.