Dodo Bai Bar Pauwa Ba, Masu Fim Ne Suka Guje Shi

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu harkar fina-finan Hausa: wai mutanenmu sun sha tsoro sun ƙoshi, soyayya da waƙa da barkwanci kawai suka dace da su. Ka ce wani matashi daga Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya ɗauki kyamara ya yi fim ɗin ban tsoro, sai a yi maka kallon wanda ya zautu. Mutumin da ke kwana da takalmi a ƙafa, in ji su, me zai yi da fatalwa? Suna faɗar haka da muryar tausayi. Ni ragwanci nake ji a ciki, da raina masu kallo.

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka dawo da 344. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da waɗannan ukun, uwa ta kwana ba ta san ko ɗanta ya isa Funtuwa ba. Manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonar da ya gada. A watan nan na Satumba kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane a fim. Ko ba hukuma ma, wane yaro ne zai ambaci sunan ɗan bindiga a fim alhali iyayensa na bakin daji? Saboda haka abin da ya fi damun jama'a shi ne abin da ba a faɗa, allo kuwa ya cika da falo da kujeru da rigimar kishiya.

To, kakanninmu sun san hanyar zagaye. Da suka so yin magana kan mai ƙarfin da ke tare rafi yana karɓar 'ya mace, Dodo suka kira shi. Labarin Daura ma macijin rijiyar Kusugu ne, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Wani abu a wajen gari yana yanka wa mutane ƙa'idar rayuwa, manya suna lallaɓa shi, wani na cikin gida yana kai masa rahoto: wannan tatsuniya ce, kuma duk mutumin Pauwa, can ƙasar Ƙanƙara, ya san a wace shekara yake jin ta. Fim ɗin tsoro shi ne jikan tatsuniyar nan. Ba sai an nuna bindiga ko an kira sunan kowa ba, mai kallo zai gane. Babak Anvari, ɗan asalin Iran, haka ya yi a fim ɗinsa na farko, Under the Shadow, a 2016: uwa da 'yarta a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, makamai na faɗowa, maƙwabta na gudu ɗaya bayan ɗaya, aljani na cikin gida. Babu wanda ya ce masa mutanen da suka ga yaƙi ba sa son aljani.

Sai a koma kukan kuɗi. Wannan ma ba ya tsayawa da ƙafarsa. Oren Peli bai taɓa yin fim ba, ya ɗauki Paranormal Activity a cikin gidansa da dala dubu 15, fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 190. In Amurka ta yi nisa, ga C.J. Obasi da Ojuju a 2014, fim ɗinsa na farko, kusan ba sisi, kan wata unguwar talakawa a Legas da gurɓataccen ruwa ya mayar da mutanenta dodanni. Ya ci kyautar fim ɗin Najeriya mafi kyau a bikin AFRIFF, a 2023 kuma Mami Wata ɗinsa ya samo kyauta a Sundance. Living in Bondage na 1992, wanda ake ɗora tashin Nollywood a kansa, labarin mutumin da ya ba da matarsa ga tsafi ne, kuma da harshen Ibo aka yi shi. Mu kanmu Turmin Danya na 1990 ba da miliyoyi ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi shi ba.

Abin da ke cinye kuɗin fim a Kano shi ne taurari da kayan sawa da hayar gida da rawa. Tsoro ba ya buƙatar ko ɗaya. Duhu yake so, duhu kuwa kyauta ne a wajenmu. Ɗauki tsakar gida ɗaya, ƙofar langa-langa, tocila mai raunin batir. Mace tana rufe bakin jaririnta da tafin hannu. Karnukan unguwa da suke ta haushi sun yi tsit a lokaci guda. Can nesa ƙarar babur, sai ta biyu, sai ta goma, babu fitila ko ɗaya. Wannan sautin, babu mai haɗa kiɗa a Zoo Road ta Kano da zai ƙirƙiri abin da ya kai shi tayar da tsikar jiki. Wayar hannu mai kyau da makirfo na kirki sun isa. Kuma ba wanda ya ce a shiga dajin Rugu, maɓoyar 'yan bindiga. Gida ɗaya a cikin Katsina ko Malumfashi ya wadatar.

Masu cewa shirka ce fa? Aljanu halitta ce da Alƙur'ani ya ambata, da sura guda mai sunansu, nuna mutum yana tsoro kuma ba bauta ba ce. Abin da ya kamata a yi wa faɗa shi ne aljanin da aka saba yi mana: farar hoda a fuska, likafani, dariya mai amsa-kuwwa, hayaƙin kwamfuta, sannan malam ya shigo da carbi minti biyar kafin ƙarshe a tashi lafiya. Yara ma dariya suke yi. Daga nan sai furodusa ya ce ai an gwada, bai karɓu ba. Ba a gwada ba, Malam, an yi wasa ne.

Shi ya sa ban sa rai ga manyan masana'antar ba. Suna da jari da suna da za su kare, kuma yawancinsu a rediyo suka ji labarin 'yan bindiga. Sabon darakta da ya taɓa kwana a cikin karan dawa yana jiran gari ya waye ya san tsawon daren, ya san abin da mutane ke raɗawa da abin da ba sa iya faɗa. Kasuwa ma ba ta hannun dillalan faifai yanzu. Izzar So a YouTube ya yi suna ta tashar Bakori TV, Bakori kuwa nan kusa ce. Sharaɗina biyu ga sabon daraktan: kada ya taɓa labarin wani gida da aka sani ba da yardarsu ba, kuma ya bar 'yan wasansa su yi Katsinancinsu, kada ya gyara musu baki ya koma na Kano.